"Kun gane?" ba ta auna fahimta

A azuzuwan lakwal na Maraɗi ko Damagaram, idan malami ya ba da umarni da Faransanci, yakan rufe da tambayar ko an gane. Amsar ɗaya ce, baki ɗaya: "Wi, mushe!" Yaron da ya tashi da kunyar manya ba zai ɗaga hannu a gaban sa'o'insa ya ce bai gane ba. Sai ya ja layi ƙarƙashin kalmar da aka ce ya kewaye, ya sha sifiri a nahawun da ya sani sarai, alhali kalmar umarnin kaɗai ce ta kuɓuce masa.

Gogaggen malami yakan sa ɗalibi ɗaya ya faɗi da Hausa abin da za a fara yi, wani kuma ya gwada misalin farko a babban allo. Dabarar Lamartiniyar ma tana taimakawa: kowa ya rubuta a ƙaramin allonsa, a buga tebur, a ɗaga alluna. Da kallo ɗaya malami yake gane wanda umarnin ya wuce, ya sake masa bayani tun kafin a buɗe kaye.