Ɗoɗɗoya A Gindin Randa

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na daɗe ina jin wannan karin magana, amma ban taɓa ganin inda ta zauna daram ba kamar a kan ɗan lambun da iyayenmu mata ke yi a tsakar gida, wanda mu maza ba mu ma ɗauke shi a bakin noma ba.

A Mairuwa na tashi, garin da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, cikin ƙaramar hukumar Faskari. Duk wanda ya san wannan yanki ya san ƙasar masara ce da dawa da auduga, ga kuma madatsar ruwan da ke shayar da Funtuwa, inda 'yan lambu ke noman rani a gefenta. In maza sun zauna hira, zancen buhu nawa aka samu ake yi. Ba wanda zai tsaya yi maka zancen ɗoɗɗoya ko na'a-na'a, alhali kuwa su ne ke raba miyar wannan gida da ta wancan.

Lambun Inna bai kai faɗin tabarma biyu ba, kuma duk abin da ke ciki akwai dalilin ajiye shi inda yake. Na'a-na'a tana gindin randa, domin ita mai son danshi ce, ɗan ruwan da ke tsattsafowa ya ishe ta. Ba a shuka ta da iri, reshe ake karyowa daga maƙwabta a binne, kafin mako biyu ta kama. Ɗoɗɗoya kuwa a fasasshiyar tukunya take, an cika ta da ƙasa da kashin awaki. Da zarar ta fara alamar fure sai Inna ta tsinke kan, ta ce in aka bar ta ta yi fure to ta gama da ganye. Zogale shi ne dangar lambun, ƙaya kuma ita ce mai gadi saboda awaki da kaji. In tsutsa ta taso, toka ce maganinta. Da hunturu ya shigo sai a watsa lansir, wanda cikin 'yan makonni ake yanka a kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Wajen ajiya ma kowane ganye da hukuncinsa. Lansir ba ya kwana, yanka ka ci ne. Tafasa da rama da zogale a inuwa ake shanya su, cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Na taɓa tambayar Inna dalili, ga rana kyauta. Sai ta ce, "Kai yaro, rana ɓarauniya ce. Ta sace kore, ta sace ƙamshi, ta bar maka kara." Da na yi karatu na tarar maganarta ke nan a littafi: ƙamshin irin waɗannan ganyaye wani ɗan mai ne da zafi ke korewa. Shi ya sa ba ta taɓa jefa ɗoɗɗoya a farfesu sai ana dab da saukewa, kuma da hannu take yayyaga ta. Lawashin albasa, wanda 'yan lambu kan zubar, ita daka shi take yi ta cuccura ta shanya ya zama gabu, ya yi mata watanni yana gyara miyar kuka. Duk abin da ya bushe sai ya shiga tukunya a rufe da faifai. Leda kuwa ba ta yarda da ita ba, domin tana sa ganye gumi ya yi fumfuna.

Sannu a hankali ɗunƙulen Maggi ya shigo ya mamaye tukwane, har ta kai ƙannenmu mata na yi wa tsofaffi dariya, wai wahalar banza suke yi. Abin da ba a samu a gida ba, a aiki yaro kasuwa. Abin da babu a kasuwa, a tsinko a daji.

To, sai ga shi dajin ya rufe. Tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, mace ba ta isa ta yi nisa da gari neman tafasa ko ganyen kuka ba. Duniya ta ji labarinmu a watan Disamba na 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Amma akwai wahalar da rediyo ba ya faɗi, wato ta tukunya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta tsayar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, daga baya aka katse layukan waya. An yi ne don tsaro, amma magidancin da ya saba sayar da akuya ya yi cefane sai ya rasa inda zai sa kansa.

A wannan lokaci ne na ga ranar lambun Inna. Gidan ya cika da 'yan uwa da suka baro ƙauyuka, hatsi na neman gazawa, nama kuwa sai labari. Amma ba a taɓa cin tuwo gaya ba. Yau kwaɗon zogale, gobe dambu da rama, jibi miyar kuka da gabu da daddawa. In baƙo ya zo, a tsinko na'a-na'a a jefa a shayi a fita kunyarsa. Waɗanda suka yi dariya a da, su ne suka riƙa sallama da gwangwani a hannu suna cewa, "Inna, a sam mana reshe." Ba ta taɓa hana kowa ba, sai dai ba ta bayarwa sai ta zaunar da ke ta koya maki yadda ake yi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne masu wannan sani suna ƙarewa, kuma ba a rubuta shi ba. Mu da muke riƙe da alƙalami, in muka zo bayanin girki a littattafanmu, sai mu cika teburi da kaji da lemon kwalba, kamar muna jin kunyar abin da ya raine mu. Yaro ya karance littafi goma bai gamu da kalmar gabu ba. In suna ya ɓace a baki, ba da jimawa ba abin ma zai ɓace a tukunya.

Saboda haka, ɗan uwa mai karatu, in kana da tsohuwa a gida, ɗauki takarda ka zauna kusa da ita tun tana da ƙarfin magana. Ka tambaye ta me ake shukawa da damina, me ake shanyawa da kaka, me ake sawa farko, me ake sawa ƙarshe. Sannan ka nemi fasasshiyar tukunya ka roƙi reshe. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gonarsa.