Bazarar da ta tafi da Yaya

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kafur kafin 1996 bai manta da sanƙarau na bazarar shekarar ba. Annobar ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, kuma yayanmu na cikinsu, bai cika talatin ba. Yana sharar gona ciwon kai ya kama shi, wuya ya sanƙare. Kafin a samu motar zuwa Malumfashi, magana ta ɗauke.

Shi ne ƙarfin gandunmu. Shi ke riƙe garmar shanu, shi ke kai auduga Funtuwa da kaka, ya dawo da atamfar Inna da takalmanmu na roba. Damina ta zo ta tarar da Baba ƙarfi ya ƙare, ni kuwa iyakata jan igiyar shanu. Rabin gonar masara ba a huɗe ta ba, kafin wata shekara an sayar da sa ɗaya.

Ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, a zaman makoki ma ba wanda ya ga hawayenta. Amma ta daɗe tana kwashe tuwo a kwanonsa cikin mantuwa, sai ta tsaya da mara a hannu, can ta juye wa jikoki.

Matarsa ce ta fi tsaya mini a rai. Da ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, iyayenta suka zo daga Mahuta. Baba ya ce, "'Yar nan, tafi da na goye, babbar ki bar mana mu riƙa ganin ubanta." Ta durƙusa ta ce, "To, Baba." A zaure aka ɓamɓare yarinyar daga zaninta, tana ihu har motar ta ɓace.

Ba mugunta ba ce, Baba ɗansa yake nema a fuskar jikarsa. Sai dai har gobe ina ganin an ɗora wa baiwar Allah nan rashi biyu, kuma cikin duk masu cewa "Allah ya raya abin da ya bari" ba wanda ya tambaye ta abin da take so. An ba ta tumuninta na gado, buhunan dawa da tunkiya, ta yi wani auren.

Yarinyar ta girma a ɗakin Inna, ƙanenta a gidan wani, sai sallah ke haɗa su. Ranar bikinta uwar ta zo da kwalla da tabarmi, aka yi mata shimfiɗa cikin baƙi.