Daren da Na Kusa Kashe Kyanwata da Tausayi

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, wannan mako ban zo da fatawa ba. Labarin kyanwa na zo da shi, kuma na san akwai mai cewa Malam ya rasa abin rubutawa. To, ya yi mini uzuri har ya kai ƙarshe.

Shekara shida ke nan wata kyanwa take zaune a gidana. Ba ni na kawo ta ba, ita ta kawo kanta, ta tare a ɗakin littattafaina. Kafin zuwanta ɓeraye sun cinye mini gefen wani sharhin Risala da na gada wurin mahaifina. Tun da ta zo kuwa ban sake ganin ko kashin ɓera ba. Watau tsakanina da ita akwai haƙƙi: ita da gadi, ni da ciyarwa.

A hunturun da ya wuce sai ta kamu da mura. Ga atishawa, ga majina, idanu duk kwantsa, ta bar cin abinci har kwana biyu. Bayan sallar Isha'i uwargida ta ce, "Malam, ko a ɓalla mata rabin Panadol? Ai jikinta da zafi." Na ga maganarta a kan hanya take. Na ɓalla ƙwayar, na murƙushe ta da cokali, na dama a madara. Har na durƙusa da kwanon a hannu, sai na tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya shiga aikin likita alhali ba a san shi da sanin magani ba, to, ramuwar abin da ya ɓata tana kansa. Shekara nawa ina karantar da wannan, ga ni yau zan aikata abin da nake hanawa! Na ajiye kwanon, na buga wa wani tsohon ɗalibina waya, wanda yanzu likitan dabbobi ne.

Ban gama bayani ba ya katse ni. "Allah ya gafarta Malam, ta sha?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi. A zubar da madarar nan, a wanke kwanon."

Ga abin da ya koya mini a daren nan, ina kuma roƙon masu karatu su riƙe shi. Farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol, magani ne mai amfani ga ɗan Adam, domin hantarmu tana da sinadarin da ke sarrafa shi ya fita ta fitsari. Hantar kyanwa kuwa wannan sinadari ya yi mata ƙaranci ƙwarai. Sai maganin ya rikiɗe ya zama dafi, ya ɓata jini har ya kasa ɗaukar iska. Dasashinta ya yi duhu, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya guda mai miligiram 500 ta isa ta kashe babban muzuru, rabinta ma ba ta da aminci. Haka asfirin yake daɗewa a jikinta, ibufurofen kuwa ƙoda yake lalatawa. Ko maganin ƙuma da ake ɗiga wa kare a ƙeya, idan akwai sinadarin famitirin a ciki, yana sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Da na gaya masa maƙwabcina ya ba ni shawarar tafarnuwa, ya ce ita da albasa duka fasa mata ƙwayoyin jini suke yi.

Ban yi barcin kirki ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. Kullum idan na karanta shi nakan ɗauka ni da wannan mata mun yi hannun riga, don ita ƙeta ta yi. Ashe da kyanwata ta sha madarar nan, sakamakon a jikinta ɗaya ne, kuma mutuwar ba za ta tambayi niyyata ba.

Da safe ya zo ya duba ta, ya ɗora ta a ma'auni, ya rubuta mata ƙwayar dokisisaikilin gwargwadon nauyinta, ta kwana 10. Ya kuma ce rashin cin abincin ya fi murar ba shi tsoro, domin kyanwar da ta jera kwanaki ba ta ci ba kitse yakan taru a hantarta. Hancin da ya toshe ne ya hana ta jin ƙanshi, don haka a ɗumama mata kifi.

A nan wahalar ta fara. Na tura ƙwayar cikin kifi, ta cinye kifin tas ta bar mini ƙwayar a tsakiyar kwano. Na ce a sa zuma. Likita ya yi dariya ya ce harshen kyanwa ba ya jin zaƙi sam, abin da masana suka gano dalilinsa a 2005, amma ɗaci tana jinsa sarai. Dole aka koma ga ɗure. Ya nuna mini yadda ake naɗe ta da tawul, kai kaɗai a waje, a ɗaga kan kaɗan, a buɗe muƙamuƙin ƙasa da yatsa, a jefa ƙwayar can bayan harshe, a rufe baki a shafa maƙogwaro har ta lashi hanci. Sa'an nan a bi da ruwa kamar cokalin shayi guda, da sirinji marar allura, ta gefen baki, a hankali don kada ya sarƙe ta ya faɗa huhu. Ya jaddada ruwan nan, domin wannan ƙwaya idan ta maƙale a hanyar abinci takan ƙona wurin har ya tsuke.

Ranar farko ta yakushe ni a wuyan hannu, bakinta yana kumfa saboda ɗaci, ta dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani gare ta ba. Na wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, na kuma nuna shi a asibiti, don yakushi ko cizon kyanwa ba abin rainawa ba ne. Amma kallon nan ya fi ciwon damuna. Yaro idan an ɗura masa magani ana iya lallashinsa a ce don ya warke ne. Wannan baiwar Allah fa? A wurinta, wanda take kwana kusa da ƙafarsa ne ya wayi gari yana shaƙe ta safe da safe. Na san ƙa'idar malaman fiƙihu, cewa akan jure ƙaramar cuta don tunkuɗe babba, na kuma tabbata hukuncin ke nan. Sai dai sanin hukunci bai hana hannuna rawa ba.

A rana ta biyar ta fara cin kifi, idanu suka washe. 'Yata ta ce, "Baba, ai ta warke, a ƙyale ta haka nan." Raina ya so hakan ƙwarai, amma likita ya ce a cika adadin, na kuwa cika.

Sati biyu ta yi tana kwana a kicin, in ta ji motsina ta fice ta taga. Wata asuba ina bitar karatu sai na ji ɗuminta a gefen buzuna. Har yau dai idan ta ga na ɗauki tawul, ko da goge hannu zan yi bayan alwala, sai ta haye saman katanga.