Minti ashirin a kan teku: ɗan Damagaram a Gore

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wani ma'aikacin baitulmali, ɗan Damagaram, ya shekara talatin yana rubutu da Faransanci a biro bai taɓa tambayar kansa ta wace ƙofa wannan alƙalami ya shigo gidansu ba. Mahaifinsa mushe ne a ƙauye, ya kuma yi karatu a hannun wani malami da ya fito daga makarantar William Ponty. Har Allah ya yi masa rasuwa tsohon yana ambaton Gore kamar garin kakanninsa, alhali bai taɓa ganin teku ba.

Da aka aika ɗan taro Dakar, ranar Lahadi ya nufi tashar jiragen ruwa. Ya biya tikiti da irin jikar da yake kashewa a kasuwar Dole, ya kuma biya ƙasa da abin da Turawa suka biya, don ɗan Afirka ne. Jirgin, wanda mutanen Dakar ke kira shalup, ya cika da mata masu kwanduna, da ƴan makaranta, da baƙi masu ɗaukar hoto. Da ya tashi, gaban mutumin ya faɗi, domin ruwan da ya sani bai wuce tafkin damina da kogin Kwara a Yamai ba. Ya riƙe ƙarfe yana salati. Wani dattijo da ke kusa da shi ya ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, kilomita uku ne kawai. Ni kullum nan nake bi zuwa aiki."

Wannan magana ta tuna masa cewa Gore unguwa ce ta birnin Dakar, mai magajin garinta. Tsawon tsibirin bai kai kilomita guda ba, kuma babu mota ko ɗaya a cikinsa. Bayan minti ashirin suka sauka kusa da wata ƴar gaɓa mai yashi inda yara ke ninƙaya.

Jama'a suka kwarara zuwa Gidan Bayi, ya bi su. An gina gidan a ƙarshen ƙarni na 18, kuma UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978. Ya shiga ɗakunan ƙasa masu duhu, ya tsaya a ƙofar da ke kallon teku, wadda ake cewa wanda ya fita ta nan ba ya komowa. Masana tarihi suna jayayya a kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, amma babu mai musun cewa an sayar da mutane a Gore. Paparoma Jean-Paul II ya tsaya a nan a 1992, Barack Obama kuma a 2013.

Daga nan ya rabu da taron, ya yi ta tambaya har aka nuna masa tsohon ginin makarantar. Nan William Ponty ta zauna daga 1913 zuwa 1937, kafin a mai da ita Sebikotan. Nan Bubu Hama ya yi karatu, ya komo Nijar malami a 1929, daga baya ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Nan Diori Hamani ya bi sawunsa, nan kuma Houphouët-Boigny na Kodibuwa da Modibo Keita na Mali suka yi karatu. Ba kowa a ƙofar ginin sai shi kaɗai.

Ya zauna a inuwa yana tunani. Yaran nan sun baro ƙauyukan da babu teku, suka yi makonni a hanya, suka hau ruwan da ya firgita shi yau yana da furfura. Turawa sun kawo su ne don su sami malamai da akawu masu yi musu hidima, amma cikinsu aka sami waɗanda suka karɓi mulkin kai a 1960. Tsakanin ɗakin bayi da ɗakin karatu tafiyar ƴan mintoci ce. Albashin da ya ci shekara talatin, da gidan da ya gina, da karatun ƴaƴansa, duk saiwarsu tana cikin wannan ɗan tsibiri, kuma ya ji nauyin cewa bai taɓa gaya wa ƴaƴan nasa sunan malamin kakansu ba.

Ya yi sallar la'asar a tsohon masallacin dutse da ke gindin tudun Kastel, ya roƙa wa mahaifinsa gafara, da malamin mahaifinsa, da waɗanda aka fitar ta waccan ƙofa ba a san sunansu ba. A jirgin komowa bai riƙe ƙarfe ba. Ya ciro takarda daga aljihu, ya rubuta sunan malamin a sama, ya fara wasiƙa zuwa ga babban ɗansa tun fitilun Dakar ba su kunnu ba.