Fiffike Ba Ya Ninkuwa

Duk wanda ya san Briketeri ya san babu abin da ya kai fili tsada a unguwar nan. Shadda tana da farashi, nama yana da farashi, amma taku biyu na ƙasa a bakin titi sai a gaje shi daga kaka zuwa jika ana ta ja-in-ja a kansa. Unguwar ta samo sunanta ne daga wata masana'antar bulo ta zamanin Jamusawa, tana Yawunde ta biyu, ba nisa da kasuwar Mokolo, kuma a nan kakanninmu fatake suka sauke kaya suka yi zamansu. Yau shagon tela na jingine da na mai yadi, hayaƙin masu tsire, wanda a nan ake kira soya, yana ratsa su duka. Lungunanmu kuwa, in mai ɗauke da katifa ya shigo, sai kowa ya manne da bango har ya wuce.

To a irin wannan wuri ne ɗan yayata, yaro ɗan shekara sha shida, ya ce shi jirgin sama zai haɗa. Ba wanda mutum zai shiga ba, ƙarami ne mai batir da ake sarrafawa daga ƙasa. Amma ƙanƙantar tasa ta baki ce, don daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan mita biyu da rabi ne, ƙuryar da ke bayan shagon ɗinkin mahaifina kuwa, inda aka ba shi aro, faɗinta mita biyu ne cif. Gangar jikin ya gama ta cikin wata guda da falanki da farin kwalin nan mara nauyi da ake naɗo firji a ciki. Fikafikan ma ya yi su, kowane daban. Ranar da ya tashi haɗa su da jiki ne ɗakin ya nuna masa iyakarsa.

Na ɗauka matsalarmu ce ta talakawan lungu, sai karance-karancen da yaron ya jefa ni ciki suka nuna mini kukan masu wannan aiki ke nan ko'ina. A Amurka akwai wani kamfani a jihar Oregon mai suna Van's Aircraft, wanda sana'arsa ita ce sayar da jirgin sama a warwatse cikin akwatunan katako. Mutum ya saya, ya kai garejin motarsa, ya yi shekaru yana bugun ƙusoshi dubbai bayan ya taso daga aiki. Dokarsu ta ce muddin shi ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, jirgin na gida ne, kuma bayan an duba shi yana iya tashi da abinsa. Jiragen wannan kamfani kaɗai sama da 10,000 ne aka kammala suka tashi. Kada mai karatu ya ce labarin nesa ne: jirgin nan Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka daɗe suna koyon tuƙi da shi a Kaduna, wanda aka fara nuna wa jama'a a 1989, asalinsa samfurin RV-6A ne na wannan kamfani. Guda 60 aka sayo a warwatse, aka haɗa su a Kaduna tare da wasu gyare-gyare. Su dai na Kaduna suna da rumfar jirage. Mai gareji kuwa faɗin fikafikan jirginsa mita bakwai ne, garejin mota ɗaya bai kai mita huɗu ba.

Abin da ya sa ba a iya yi wa wannan mataki ha'inci shi ne, ɗaura fiffike ba kamar ɗaura ƙofar mota ba ne. Abu uku ake nema lokaci guda. Gaban fikafikan biyu ya kasance a kan layi ɗaya, kada wani ya riga wani. Nisan bakin kowane fiffike zuwa wutsiya ya zo daidai. Sannan yadda kowanne ya ɗan ɗaga gabansa yana fuskantar iska ya zama iri ɗaya, wanda shi ne mafi haɗari, domin in na dama ya fi na hagu cin iska ko da kaɗan ne, jirgin zai riƙa karkata tun daga ranar farko har ranar da za a jingine shi. Masu haɗa RV sai sun daidaita jirgin tsaf, sun rataya zare mai ɗan ƙarfe a gindi, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, guda huɗu a gaban fikafikan, su ga tsinin duka huɗun ya sauka a kan layi ɗaya a ƙasa. Bayan nan ne ake huda rami guda a ƙarfen baya da ke riƙe fiffike da jiki. Sau ɗaya ake huda shi. In ya matsa kusa da gefen ƙarfen fiye da kima, ƙarfen ya tashi aiki, sai a kwance a sake wani. Mutum ya yi shekara uku yana aiki, sannan komai ya rataya a kan huji ɗaya da bai kai kaurin ɗan yatsa ba.

Shi ya sa masu ƙaramin gareji suke jiran ranar da babu iska babu hadari, su turo jirgin ƙofar gida, su kira maƙwabta a tallabi fikafikai, a soka notukan wucin gadi, a yi awo, a huda, sannan a sake cirewa a mayar ciki. Notukan gaske sai an kai filin jirgi a bayan babbar mota. Ko 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, da suka tashi ranar 17 ga Disamba 1903, ba su taɓa ganin jirginsu a haɗe ba a shagon kekunansu na garin Dayton. Faɗinsa ya haura mita sha biyu. Makanikensu, Charlie Taylor, ya ba da labarin cewa tsakiyar jirgin kaɗai ta toshe hanyar da ke tsakanin ɗakin gaba da na baya, har in mai sayen keke ya zo sai sun fita ta ƙofar gefe sun zagayo. Sai a rairayin Kitty Hawk suka haɗa shi. Da na karanta wa yaron wannan, cewa ya yi, "Kawu, ashe su ma 'yan Briketeri ne."

A nan ne nake ɗan saɓa wa jama'armu. Lokaci zuwa lokaci hoton wani matashi yakan zagaya a Facebook yana tsaye gaban jirgin da ya ƙera da kwanon rufi, mu yi ta masha Allah, mu zagi gwamnati, mu wuce. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, aka ruwaito cewa ya ɗaga sama kamar ƙafa bakwai. Ƙafa bakwai ba wasa ba ce, kuma shi kimiyya yake karantawa. Amma akasarin waɗanda suka biyo baya siffar jirgi muke tafa musu, fenti da taga da tuta. Ban taɓa ganin wani a cikin masu yabon ya tambayi yaro yadda ya auna fikafikansa ba, alhali ita ce tambayar da za ta amfane shi, wataƙila ma ta tsare masa rai in ya ce sai ya shiga ciki.

Namu yaron matsalarsa biyu ce. Yawunde gari ne na tuddai, ƙofar shagonmu ma gangare ce, ga ruwan sama da ba ya sallama. Sannan azumi ya gabato, kuma duk wanda ya san teloli ya san daga nan har daren Salla ba a barci. Mahaifinsa ya riga ya ce a fitar da tarkacen nan a sa keken ɗinki na huɗu a ƙuryar, kuma gaskiya ce da shi, don da keken ake cin tuwo.

Mahaifina ne ya raba gardamar, shi da bai taɓa shiga jirgi ba sai na Hajji. Ya daɗe yana kallon jikan nasa yana kai-kawo da tef, sannan ya ce, "Kai matuƙi, zo nan. Ka taɓa ganin na shimfiɗa babbar riga a shagon nan?" Yaron ya ce a'a, Alhaji. Lallai kuwa, riga mai aska takwas ta fi teburinsa faɗi nesa ba kusa ba, shekara arba'in yana ɗinka ta bai taɓa ganin ta a buɗe ba sai a jikin mai ita ranar Idi. Ninke ta biyu yake yi daga tsakiyar wuya, in gefe ya hau kan gefe, magana ta ƙare. Yaron ya ce ai fiffike ba ya ninkuwa. Tsohon ya ce, "To ninke zaren mana. Kafa ƙusa a tsakiyar wutsiya, ka ja zare zuwa bakin wannan, ka ƙulla, ka juya shi zuwa bakin wancan." Abin da littattafan Turawan suka cika shafi suna bayani ke nan, da zane da lissafi.

Fili kuwa malamin Islamiyyar lungunmu ne ya ba mu aron aji ranar Alhamis da babu karatu, daɓen siminti mai santsi. Muka fito da gangar jikin a tsaye, fikafikan a kan yara biyu. Wani magini maƙwabcinmu ya kawo siririn tiyonsa mai ruwa a ciki, wanda suke daidaita tsayin gini da shi, da shi aka gane daɓen ma ya ɗan karkata, aka yi wa ƙafa ɗaya waigi da kwali. Da aka juya zaren Alhaji, ƙullin ya wuce bakin fiffiken hagu da faɗin yatsa ɗaya. Tun hantsi har kiran la'asar ana fama da wannan yatsa ɗayan, ana matsawa ana sake awo, kafin yaron ya yarda ya ɗauki abin huda. Hannunsa na rawa, sai da ya ajiye ya yi bisimilla ya sake ɗauka.

Kafin magariba an cire fikafikan, an share ajin. Yanzu suna rataye a ƙarƙashin rufin shagon, a naɗe cikin ragowar yadi saboda ƙura, keke na huɗu yana ta ƙara a ƙuryar. Gwajin tashi sai bayan Salla, in an sami wani fili a bayan gari, nesa da Nsimalen da filin jirgin soja na Mvan, inda ba wanda zai ɗauke mu 'yan leƙen asiri. Alhaji ya ce a ajiye masa kujerar gaba a motar.