Daga Kano zuwa Gwanja a kan babur: lissafin kafin ɗaura kaya

Tun ina yaro nake jin sunan Gwanja a gidanmu. Kakan mahaifina bafatake ne, yana cikin ayarin masu kai kanwa da tufafi da jar fata su komo Kano da goro. A tafiyarsa ta ƙarshe jakunansa ne kawai suka dawo, abokan tafiya suka kawo labarin cewa an yi masa sutura a Salga. Daga wannan rana har yau babu wani daga zuriyarsa da ya taka garin. A bana na ƙudurta zuwa, kuma a kan babur, domin jirgin sama zai tsallake da ni duk ƙasar da nake son gani, motar haya kuwa ba ta tsayawa inda fasinja ya so.

Hanyar fatake sananniya ce. Ayari ya bar Kano ya nufi yamma, ya haye Kwara a wajen Yawuri ko Ilo, ya shiga ƙasar Bargu ta Nikki, ya yada zango a Zugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi, sannan ya sauke kaya a Salga. Goron ma a kurmin Asante yake fitowa, Salga kasuwa ce da mutanen kurmi ke haɗuwa da na arewa. Zuwa da dawowa kan ci wata 6, wani lokaci har shekara. Dole kuma in faɗi abin da ba mu cika faɗa a gida ba: a wannan kasuwa an sayar da bayi kamar yadda aka sayar da goro, kuma wasu fatakenmu na cikin masu saye. Yaƙin basasar da aka yi a garin a 1892 ya watsa 'yan kasuwarsa, da yawansu suka koma Kete Karachi, inda shahararren malamin nan ɗan Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har rasuwarsa a 1934.

Na shimfiɗa taswira a kan tabarma ina tsammanin aikin yini ɗaya ne. Mako 3 na yi ina ja da fensir ina gogewa.

Layin farko da na ja ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, Yamai, Wagadugu, ya gangara Gana ta arewa. A takarda ya fi kowane daɗi, domin har Dogon Dutsi Hausa za ka yi ta ji. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar na tsawon watanni, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ko da an bar maganar siyasa, yankin da ke tsakanin Yamai da Fada Ngurma yana cikin wuraren da masu ɗauke da makamai suka fi addaba a duk Sahel. Na goge layin. Na biyu ya bi sawun kakana sosai, ta Kabi zuwa arewacin Benin, sannan Mango. Shi ma bai tsira ba: an sha kai wa sojojin Benin hari a kusa da dazuzzukan arewa, kuma jihar arewacin Togo da Mango ke cikinta tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022. Da na goge Mango sai da na ji wani abu a raina, don sunan garin ma da Hausa muke kiransa.

A nan ne na fahimci abin da ban lissafa ba tun farko, wato matsayin babur kansa a idon hukuma. Mu a Kano abin hawan malamin makaranta ne da mai kai madara. A dajin Zamfara da Katsina da Tilaberi kuwa shi ne dokin 'yan bindiga. Saboda haka Nijar ta hana hawansa a wasu sassan Tilaberi tun 2020, Burkina Faso ta haramta wasu samfurori a yankuna da dama, jihohin arewa maso yammacin Nijeriya ma sun sha taƙaita zirga-zirgarsa da sayar da fetur a jarka. Baƙo mai rawani ko gemu, a kan babur mai lambar wata ƙasa, da jarkar mai ɗaure a baya, ya san kamannin wa ya ɗauka a idon sojan da aka kashe wa abokai jiya. Ban ga laifin sojan ba, ko da yake abin da ciwo. Na cire jarka daga jerin kayana, na kuma yanke cewa ba zan yi tafiya bayan la'asar sakaliya ba.

Layin da ya rage ya yi gwiwa zuwa kudu. Kano, Kaduna, Minna, Bida, a haye Kwara a gadar Jabba, a kwana Ilori, a bi ta Shaki zuwa iyakar Cikanda. Wannan yanki na Baruten shi ma ba a cewa lafiya lau, don haka tambaya za ta yi aiki a can fiye da taswira. Daga Cikanda sai Nikki, inda zan sake haɗuwa da hanyar fatake, sai Paraku, sai Zugu. A shiga Togo a kwana Kara, a bi ta Basar a faɗa Gana ta Tatale, a haye kogin Oti zuwa Yendi, fadar sarkin Dagomba, daga nan Salga. Iyaka 3, ƙasa 4, kuɗi iri 3: naira, sefa, sidi. Na ba kaina kwana 8, kada in wuce kilomita 300 a yini.

Takardu ba su ba ni wahalar da na zata ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, kuma Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Ana bukatar fasfo, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mallakar babur da sunanka a kai, da inshorar yankin da ake kira katin ruwan ƙasa. A kowace iyaka kuma sai kwastan sun ba babur izinin shiga na wucin gadi, takardar da in ta ɓace za a ɗauka sayar da shi ka zo yi. Direbobin manyan motoci sun gaya mini cewa cikar takardu ba ta hana a miƙo hannu a shinge, tana dai rage tsawon tsayuwa. Sun kuma ja kunnena kan hular kwano, wadda 'yan sandan Benin ba sa wasa da ita.

Babur ɗin Bajaj Boxer ne, irin na 'yan acaɓa. Wani abokina ya yi mini dariya, ya ce Turawa da manyan injuna suke irin wannan tafiya. Bakanikena ya ba shi amsa ba tare da ya ɗaga kai daga sarƙar da yake ɗaurewa ba: “In na Baturen ya lalace a Basar, sai an yi odar kaya daga Jamus. Wannan kuwa yaron kowane gareji ya san cikinsa.” Ya haɗa mini tiyub 2, fulogi, wayar kuloci, kayan faci da famfo, ya sa na kwance tayar baya na mayar sau 3 a gabansa. Ya kuma gargaɗe ni kan man kwalba da ake sayarwa a bakin titin Benin, ya ce in dole ta sa, in tace shi da ƙyalle.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani a kasuwar goro ta Mariri na samo shi. Wani dattijo da ya shekara 30 yana safara tsakanin Kumasi da Kano ya saurari jerin garuruwana har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wa zai sauke ni a kowane gari. Na ce akwai masaukin baƙi na kuɗi. Ya girgiza kai.

“Ɗana, mai otal kuɗinka ya sani. In aka tsare ka a shinge, wa zai zo ya ce ya san ka?”

Ya bayyana mini cewa madugu bai taɓa tashi da ayari ba sai ya san maigidan da zai karɓe shi a zango na gaba, wanda zai gaya masa wace hanya ce ta ɓaci a makon nan, wane sarki ne ya ƙara kuɗin fito. Unguwannin zango suna nan har yau a Zugu da Kara da Yendi da Salga, da sarakunansu da limamansu, kuma Hausa na ci a cikinsu. Nan take ya ɗauko waya ya kira mutum 2, ɗaya a Paraku, ɗaya a Yendi, ya ce musu ɗansa na tafe bayan ɗaukewar ruwa. Sharaɗinsa ɗaya: kowace safiya kafin in tayar da babur, in tambayi mai masaukina labarin hanyar gaba, in ya ce a dakata, in dakata ko da kwana nawa ne.

Saura mahaifiyata. Na yi ta jinkirta gaya mata har sai da ta ga katin rigakafin a aljihun rigata. Ta saurare ni ba ta katse ni ba, ta tambayi sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya, ta sa na maimaita mata waɗanda na goge da dalilin gogewar.

“Shi ma wancan da ya tafi, da lissafinsa ya tafi,” in ji ta.

Na ce, “Haka ne, Hajiya.”

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ta hana ba. Bayan kwana 2 ta aiko ƙanwata da ƙullin dabino, da cikakken sunan kakan namu da na mahaifinsa rubuce da ajami a wata 'yar takarda, ta ce in na isa in ba limamin zangon Salga a yi masa addu'a. Na saka takardar cikin fasfo. Na tsayar da tashi a makon farko na Nuwamba, in mutumin Paraku ya ce hanyar Cikanda ta yi kyau.