Na Je Ƙofar Mata Da Rana, Aka Ce In Koma Da Safe

Ran Asabar 27 ga watan Afrilu na 2024 ne editanmu ya tashe ni daga Kaduna zuwa Kano, don in samo labarin marinar Ƙofar Mata, in kuma haɗo da hoton da za a sa a shafin farko. Mai ɗaukar hotonmu ba shi da lafiya, sai aka damƙa mini kyamara, tun da an san an koya mana abin a makaranta. Ni kuwa na karɓa ina taƙama.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, marinar tana kusa da Asibitin Murtala. A bakin ƙofarta an rubuta 1498, watau zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ke nan. Kana shiga warin baba zai tarbe ka. Rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, zurfinsu ya fi tsayin mutum, ana zuba musu ruwa da baba da toka a bar su su tsima kwana da kwanaki. Da yawansu yau ba kowa a bakinsu. A waɗanda ke aiki, marini kan tsoma yadi, ya ɗaga, iska ta buge shi, ya sake tsomawa. Iskar nan ita ke juya launin daga kore-kore zuwa shuɗi.

Wajen ƙarfe sha biyu da rabi na sami wani dattijon marini ya yarda in ɗauke shi. Na sa ya wanke hannu, ya zura farar rigarsa, ya miƙe tsaye ya goya hannuwa a baya. Na ɗauki hoto wajen hamsin, na yi godiya na tafi.

Da yamma na biya Fagge gai da wani tsohon mai ɗaukar hoto, abokin mahaifina, wanda ya yi sana'ar tun zamanin da fim guda hoto 36 kaɗai yake ci. Na miƙa masa kyamarar, ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya yi ta dubawa bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, wannan hakimi ne ko ɗan takara?"

Na ce, "Marini ne, Baba."

Ya ce, "To, ina rinin? Mutum ya shekara arba'in baba na cin hannunsa har ya zama shuɗi, kai kuma ka sa ya ɓoye hannun."

Daga nan ya shiga bayanin haske. Ya ce a ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakiyar ka a Kano, saboda haka hasken tsakar rana daga bisa yake saukowa, ya haska goshi da karan hanci, ya bar idanu cikin rami. Na duba, lalle idanun dattijon kamar an shafa musu gawayi. Ya ce farar rigar ma ta cuce ni, domin kyamara ta auna hasken rigar ta rage wanda ke shiga, fuskar baƙin mutum kuwa ta dushe. Kamata ya yi in auna daga fuska. Sa'an nan ya ɗora yatsa kan wani turken lantarki da ke baya, wanda ya fito kamar daga hular mutumin ya tsiro. Wallahi ban gan shi ba sai a lokacin.

Gaskiya maganar ta yi mini ɗaci, har na fara kawo hujjar cewa kyamarar ba tawa ba ce. Ya yi murmushi ya ce kyamara ba ta zaɓa wa mutum sa'a. Kuɗin masauki na kwana guda aka ba ni, amma ban ga yadda zan kai wa edita waɗannan hotuna ba. Na kwana a zaurensa.

Kashegari ƙarfe bakwai ina Ƙofar Mata. Wurin kamar ba shi na gani jiya ba. Rana ta fito daga gefe, kumfar da ke bisa rijiyoyin tana ƙyalli. Na sami marinin da tsohuwar taguwarsa ta aiki, na ce kada ya kula da ni, ya ci gaba da abin da yake yi. Na tsuguna daidai tsayinsa kamar yadda aka umurce ni, na koma inda haske ke zuwa masa daga kafaɗa guda. Wani yaronsa ya riƙe mini farin yadin da ba a rina ba tukuna a ɗaya gefen, ya mai da haske kan kuncin da ke cikin inuwa. Na jira har ya ɗago yadi yana ɗiga, ya waiwayo zai yi wa yaron magana, sa'an nan na danna. Hoto tara kaɗai na ɗauka.

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya dubi tafin hannunsa, ya sake duban hoton. Ya ce, "Malam, in an buga a aiko mini da guda."

Baba na Fagge kuwa da ya gani, cewa ya yi na yanke wa mutumin gwiwar hannu a biyu daga ciki. Sauran bakwai bai ce kome ba, ya sa aka kawo mini koko da ƙosai.